Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Arewa House: A Nemo Tsofaffin Ma'aikatan Waya Tun Suna Raye

Zuwa ga Malam Darakta da ɗaukacin malamai masu bincike na Arewa House, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ranka ya daɗe, roƙo ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan faɗe shi tun farko don kada tsawon wasiƙa ya rufe shi. Ina roƙon wannan gida ya buɗe shiri na musamman na nemo tsofaffin ma'aikatan waya da na rediyo da na tashoshin jirgin ƙasa, a zauna da su, a naɗi muryoyinsu, a karɓi abin da ya saura a hannunsu na takardu da hotuna da kayan aiki. Ina nufin masu buga tangaraho, da matan da suka zauna gaban allon haɗa tarho, da masu hawa falwaya gyaran layi, da injiniyoyin da ke kwana gefen injin watsa shirye-shirye, da masu buga keken rubutu a ofisoshin gwamnati da na En'e. Wanda ya kama aikin hukumar gidan waya da tangaraho ta P&T yana ɗan shekara 20 a 1960, yau ya haura 80. Saura ƙiris mu rasa su gaba ɗaya.

Ku na rubuto wa, ban rubuta wa ma'aikatar sadarwa ba, domin aikin naku ne. Tun 1970 da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa wannan cibiya a gidan Sardauna, abin da aka san ku da shi shi ne tsamo abin da ke shirin ɓacewa: rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, takardun gwamnatin Jihar Arewa, jawaban Firimiya. To amma kowace takardar gwamnati da ke cikin kabad ɗinku, wani ne ya buga ta a keken rubutu, kuma sau da yawa wani ne ya aika da saƙonta ta waya cikin dare. A ƙasan takardar akwai sa hannun Razdan ko na minista. Wanda ya buga ta kuwa, in ya taki sa'a, harufa biyu na sunansa ne a lungu.

A tuna yadda abin ya faro. A 1844 Samuel Morse ya aika da saƙonsa ta waya daga Washinton zuwa Baltimore a Amurka. A 1886 wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan. Kafin Gwamna Lugga ya kafa tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900, an riga an fara jan layi daga Legas ana nufo Jebba da Lokoja, kuma duk inda hedikwatarsa ta koma waya na biye da ita, har Zungeru a 1902. Mun saba cewa bindiga mai ruwa ce ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris. Haka ne, amma bindiga cin gari kawai ta iya. Riƙe ƙasa mai faɗin Arewa da Turawa 'yan ƙalilan, wannan aikin waya ne. Wasiƙar Sarkin Musulmi zuwa Adamawa makonni take yi a bayan doki. Razdan kuwa, da zarar layi ya kai lardinsa, yana iya kai kuka da safe ya sami amsar Gwamna kafin rana ta faɗi. Ƙarafan da igiyoyin ba da ƙafarsu suka zo ba. Kakanninmu ne suka ɗauko su a ka, a zamanin da hakimai da dagatai ke tara mutane aikin tilas, irin wanda aka shimfiɗa dogo da shi daga Baro zuwa Kano, wanda ya iso birnin a 1911.

Ɗalibanmu na yau ba su san yadda aikin yake ba, kuma ba laifinsu ba ne. Mai buga tangaraho ba murya yake aikawa ba. Ɗan maɓalli ne a gabansa, in ya danna wuta ta bi waya, in ya saki ta yanke. Kowane harafi yana da nasa jerin bugu, gajere da dogo. A can ɗaya bakin layin wani ɗan ƙarfe ke ƙwanƙwasawa, abokin aiki yana saurare da kunne yana rubutawa da hannu, ƙwararre kan karɓi kalma 25 ko fiye a minti guda, ga hayaniyar ofis, ga zafi. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne kowane mai bugu yana da salon hannunsa. Ma'aikacin Minna yana iya gane cewa yau ba abokinsa na Zariya ba ne a kan waya, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, kamar yadda mai kunne ke gane hannun makaɗi a kan kalangu daga bayan katanga. Irin wannan ilimi ba ya cikin fayil. A yatsun mutum yake da kunnensa. Idan akwai tsoho guda a Kaduna ko Kafanchan da har yanzu zai iya buga sunansa da cokali a kan teburi, ya kamata a ɗauke shi a bidiyo a wannan shekarar.

Kuɗin telgiram a kan kalma ake biya, shi ya sa ake matse magana har sai ta zama ƙashi zalla. Marubutan wasiƙa da ke zama a ƙofar gidan waya su ne gwanayen wannan, su karɓi dogon bayanin baƙauye su mayar da shi kalmomi biyar na Turanci. Kuma tunda ba a kashe irin wannan kuɗi a kan gaisuwa, ganin masinjan gidan waya a ƙofar gida kan sa gaban mutane ya faɗi tun kafin a buɗe takarda. Ma'aikacin da ya karɓi saƙon shi ne ya fara sanin an yi rasuwa, tun kafin uwar mamacin.

A reluwe kuma ran mutane ne a hannunsu kai tsaye. Dogonmu layi ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa a kansa suke bi. Jirgi ba ya barin tasha sai tashamasta ya yi magana ta waya da tasha ta gaba an tabbatar masa hanya a buɗe take, sannan a miƙa wa direba shaidar izini. Gyangyaɗin minti biyu a wata ƙaramar tasha cikin daji ya isa ya haɗa jirage biyu goshi da goshi. Gyaɗa da auduga da fatu da muke alfahari da su a littattafan tarihin tattalin arziki, ta hannun waɗannan marasa barci suka isa teku.

Wani zai ce ai waɗannan ƙananan ma'aikata ne, me za su ƙara wa tarihin siyasa? Sai in tuna masa da Malam Habib Raji Abdallah. Ba'igbire ne, ma'aikacin wayar iska na P&T da aka ajiye a Kano. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar siyasa ta NEPA (ba hukumar lantarki ba) a Kano a 1946, shekara huɗu kafin a kafa NEPU a ranar 8 ga Agustan 1950. Ya shugabanci ƙungiyar matasa mabiya Zik, aka kore shi daga aiki saboda siyasa, daga bisani aka ɗaure shi bisa tuhumar tunzura jama'a. Ni a ganina ba katari ba ne a ce mai wannan sana'a ne ya yi gaba. Mutumin da ke kwana da abin saurare a kunne yana jin abin da ake ciki a duniya kafin jarida ta iso, ya san Indiya na gab da samun 'yanci, kuma ya san albashin Baturen da ke zaune a ofishin da ke kusa da nasa. Haka a yajin aikin gama-gari da ya fara a Yunin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, aka shafe fiye da kwana 40 ana yi a kan kuɗin tsadar rayuwa. Ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayansa, na waya suka mara musu. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga abin da ke faruwa idan masu riƙe da layi suka naɗe hannu.

Nan kuma akwai wata gaskiya da nake roƙon kada a kauce mata. Da yawa daga cikin ma'aikatan waya da reluwe na farko a Arewa ba 'yan Arewa ba ne. 'Yan kudu ne, da mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Ghana a yau, domin su suka riga mu shiga boko. Saboda irinsu aka yanka Sabon Gari. Shi kansa Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, mahaifinsa akawu ne. Manufar Sardauna ta cusa 'yan Arewa cikin aikin gwamnati ta zo ne don gyara wannan giɓi, kuma kashe-kashen 1966 da suka sa mutanen Gabas suka kwashe suka koma gida sun bar ofisoshin waya da tashoshin jirgi cikin ƙarancin ƙwararru. Samarin Arewa da suka cike guraben, wasunsu suna nan. A tambaye su wa ya koya musu aiki, da yadda suka ji ranar da suka zo ofis suka tarar da kujerar maigidansu babu kowa. Idan za a yi shirin, a bi sawun wasu har Inugu da Abekuta. Tarihin wayar Arewa ba zai cika ba in an tace shi ya zama namu mu kaɗai.

Sai maganar mata, wadda a nan ne na fi jin takaicin sakacinmu. Lokacin da Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, layukan tarho 18,724 ne a ƙasar baki ɗaya, kuma a garuruwa da yawa sai ta hannun ofareta ake samun juna. Ka ɗaga kan waya, ko ka murɗa ɗan hannun da ke jikin akwatin, alama ta bayyana a allon da ke gabanta. Ta soka igiya a ramin layinka, ta tambayi wa kake nema, ta soka ɗaya bakin a ramin wancan. Idan kiran na wani gari ne, sai ka yi rajista ka koma ka jira, wani lokaci sa'o'i, ita kuma tana can tana roƙon takwararta ta Jos ko ta Ibadan ta ba ta hanya, tana duban agogo tana rubuta mintoci don a yi lissafin kuɗi. Ta haddace lambobin gari kaf. Ta san muryar Di'o, ta san ta matarsa, ta san wanda ke kiran wa da tsakar dare, kuma an rantsar da ita kada ta faɗa. Ban da koyarwa da jinya, wannan na cikin ƙofofi ƙalilan da 'ya mace mai ilimin boko ke shiga ta karɓi albashinta. Yadda iyaye suka yarda, yadda miji ya ɗauki aikin dare, abin da unguwa ta ce, duk wannan tarihin zamantakewa ne da ɗaliban digiri ke yawo suna nema, alhali ga shi zaune a kan tabarma a Tudun Wada.

Ba mu kaɗai muka yi wannan sakaci ba, sai dai wasu sun farga. A Amurka samari aka fara ɗauka aikin haɗa tarho, rashin kunyarsu ga masu kira ya sa aka koma ga mata, aka fara da Emma Nutt a birnin Boston a 1878. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar Amurka ta kai mata 223 Faransa suna haɗa layukan fagen daga, sanye da kayan soja, ƙarƙashin dokar soja. Da aka gama yaƙi sai aka ce musu ai su farar hula ne, babu haƙƙin tsohon soja a kansu. Sai a 1977 aka yi dokar da ta amince da su, lokacin 'yan kaɗan ne suka rage da rai. A Ingila matan da suka sarrafa na'urorin warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park sun riƙe bakinsu wajen shekara 30, har sai da aka fara bayyana labarin a shekarun 1970. Mata shida da suka tsara aikin kwamfutar ENIAC ba a gabatar da su ba ranar da aka nuna ta ga 'yan jarida a 1946. A duk waɗannan wurare, abin da ya ceci labarin shi ne wasu masu bincike sun je sun zauna da tsofaffin kafin ƙasa ta rufe musu ido. (Ko na'urar da ta raba ofareta da aikinta tana da nata labarin. Almon Strowger, wanda ya sami lasisin ƙirƙirar injin haɗa layi da kansa a 1891, sana'arsa shirya gawa ce, kuma ana ba da labarin cewa zargin ofareta yake yi da karkatar da masu kiransa zuwa ga abokin hamayyarsa.)

A ɓangaren rediyo, sunayen masu murya sun tsira, domin jama'a sun riƙe su. An san Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya buɗe sashen Hausa na BBC ranar 13 ga Maris, 1957. Amma kafin nan, rediyon da ya fara shiga gidajenmu ta waya yake zuwa. A tasha ake kamo shirin, a tura shi ta igiya zuwa akwatunan da aka rataye a gidaje da dandali, mai gida na biyan kuɗin wata. An fara shi a Legas a 1935, ya iso Kano a 1944. Masu jan waɗannan igiyoyi a lungunan birni da masu kula da injin su ne suka zama iyayen gidan injiniyoyin da suka tayar da Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Mahajjacin ƙasa da ya yada zango a Sudan, ko ɗan kasuwa a zangon Kumasi, in ya murɗa akwatinsa ya ji Kaduna, wani ne ya kwana yana lura da zafin inji da man janareta.

Kuma su ne shaidun da ba a taɓa kira ba. Ranar 15 ga Janairun 1966 Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa ta Rediyon Kaduna, sa'o'i kaɗan bayan an kashe mai gidan da kuke zaune a harabarsa. Soja ba ya kunna injin watsa labarai da bakin bindiga, sai ya sa wanda ya iya. Akwai wanda ya saita makirfo ran nan, akwai wanda ya naɗa, akwai wanda ya buɗe layi, kuma kowannensu ya koma gida ya ba iyalinsa labari. Haka a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976 da Dimka, haka ranar 22 ga Afrilun 1990 da Orkar. Duk mai shirin juyin mulki a ƙasar nan ya san gidan rediyo da ofishin haɗa tarho na cikin wuraren da zai fara kamawa. Hafsoshi sun rubuta nasu littattafan, kowa na wanke kansa. Wanda ke kan aiki a ɗakin inji bai da abin da zai kare, shi ya sa shaidarsa za ta fi tsabta.

Akwai wasu abubuwa biyu da ko a cikin 'yan boko kaɗan ne suka san su. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta taɓa kafa tashar bin diddigi a Kano. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ke kewaya duniya, ya gaya wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka amsa masa cewa ai an yi mako ana iska mai ƙarfi. Hunturunmu ya hango daga sama. Waɗanda suka yi magana da shi Amurkawa ne, amma tasha irin wannan ba ta tsayuwa sai da direbobi da masu kula da inji da masu gadi daga cikin gari. Na biyu, ranar 23 ga Agustan 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta kai tsaye ta tauraro, har damben Dick Tiger ya shigo cikin hirar. Amurkawa sun adana muryar da rubutacciyar hirar. Mu ya kamata mu nemo waɗanda suka ja layi daga ofishin Firayim Minista zuwa bakin ruwa.

Abin da ya sa nake gaggawa ba tsufan mutane kaɗai ba ne, kayan ma tafiya suke yi. A 1985 aka haɗa ɓangaren waya na P&T da kamfanin NET mai kula da sadarwa da ƙasashen waje aka sami NITEL. Zuwa 2001 da wayar salula ta shigo, layukan ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga jiran shekaru kafin a ba mutum layi, ga cin hanci, kuma ba zan ce ma'aikatan duk waliyyai ne ba. Wanda ya taɓa bin ma'aikaci da roƙo a gyara masa layin da aka yanke da gangan yana da nasa ƙorafin, shi ma a naɗe shi. Bayan yunƙurin sayarwa da ya sha rushewa, aka miƙa kadarorin kamfanin ga NATCOM a 2015 a kan dala miliyan 252. Mai saye gine-gine da igiyoyi da lasisi ya saya, ba tarihi ba. Tsohon allon haɗa tarho a wurinsa tarkace ne, a wurin 'yan gwangwan kuma tagulla ce ta awo a sikeli. Littattafan da ake rubuta kowane kira da kowace matsalar layi, in ba a kai su Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna ba, gara da ruwan sama ne magadansu. A Umuahia an adana ramin da muryar Biyafara ke fita daga cikinsa, yana cikin gidan tarihin yaƙi, mutane na zuwa gani. A Ebute Metta akwai ɗan gidan tarihin reluwe a gidan Jaekel. Ga tashar tauraron ɗan Adam ta Kujama a bayan garinku, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Kada kuma a tsaya a kan tsofaffi, domin sana'ar ba ta mutu ba, riga ta sauya. Matasan da suka zauna ƙarƙashin lema da teburi da waya guda a farkon shekarun 2000, lokacin ana biyan naira 50 a minti, su ne ofaretocin zamaninsu, kuma sana'arsu ta zo ta wuce cikin shekaru kaɗan ba tare da an rubuta ta ba. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano, da yawansu ba su shiga ajin injiniya ba, amma sukan tayar da wayar da kamfaninta zai ce a yar. Ga masu kai man dizal turakun sadarwa a dajin da jami'an tsaro ma sai da shiri suke shiga. A Satumbar 2012 'yan Boko Haram sun bi turakun nan suna ƙonawa a garuruwan Arewa. A Mayun 2013 aka katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa, a Satumbar 2021 aka katse a Zamfara. Akwai waɗanda aka ba umarnin kashewa, akwai waɗanda suka koma suka tayar. Waɗannan ba sa buƙatar gaggawa irin ta tsofaffi, amma a sa su a lissafi.

Na san amsar farko ita ce babu kuɗi. Allah ya gafarta Malam, wannan aiki bai kai tsadar taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ba. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana naɗar murya da hoto. Sassan tarihi da na aikin jarida a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna maimaita batutuwan da aka riga aka tatse. A ba kowanne tsoho guda, da jerin tambayoyin da ku kuka tsara, da sharaɗin ya kawo muku kwafi. Nemo mutanen ma ba wuya. Tsofaffin ma'aikatan NITEL sun sha wahalar bin haƙƙinsu na fansho shekara da shekaru, wahalar ta sa suna da ƙungiya kuma sun san gidajen juna, hukumar fansho ta PTAD kuma tana da sunayensu. 'Yan fanshon reluwe da na gidan waya da na Rediyon Tarayya haka. Sanarwa guda a Rediyon Kaduna za ta kawo muku fiye da waɗanda za ku iya saurara. Hukumar kula da sadarwa ta NCC da kamfanonin salula da ke cin gajiyar hanyar da waɗannan mutane suka share, su ya dace a kai wa takardar neman tallafi, kuma a gaya musu haka ƙarara.

Abu biyu nake roƙon a kiyaye wajen hirar. A yi ta da harshen da tsohon ya fi sakewa da shi, in Hausa ce Hausa, in Nufanci ne Nufanci, kada a tilasta masa Turancin ofis, domin da Turanci rahoto zai ba ku, da harshensa kuwa labari. Kuma a tura mata wurin mata. Hajiyar da ta yi aikin ofareta ba za ta gaya wa saurayi ɗan jami'a abin da ta ji a kan layi ba, ko abin da ta sha daga bakin manya masu kira. Wasu za su ce sun yi rantsuwar riƙe sirri, kuma a girmama wannan. Ana iya yin yarjejeniya a rubuce cewa ba za a saki wani sashe ba sai bayan shekarun da mai maganar ya yanka, kamar yadda ake yi a ma'ajiyoyin tarihi na duniya.

Idan an sami kayan, ɗaki guda ya isa a fara da shi. Amma don Allah kada a jera su a bayan gilashi da 'yar takarda mai cewa "tsohuwar waya". A haɗa maɓallin tangaraho biyu da batir, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, yaran makarantar da ke zuwa ziyara su aika wa juna sunayensu. A rubuta sunan wanda ya yi aiki da kowace na'ura, da garinsa, da shekarun da ya yi, a sa muryarsa a gefe. Ranar buɗewa kuma a zaunar da su a sahun gaba, a bar ɗaya daga cikinsu ya yi bayanin allon da kansa.

Ina fatan za a sa wannan batu cikin ajandar zaman hukumarku na gaba, a kuma wakilta malami guda da zai riƙe shi, wanda iyalan tsofaffin za su san shi za su nema. Allah ya ƙara wa gidan albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Wani almajirin tarihi, daga Zariya.